Gwangwanin Gashin Tere

A saman kabad ɗin ɗakin Moeroa akwai wani gwangwanin biskit da tsatsa ta cinye gefensa, don iskar teku ba ta barin ƙarfe ya tsufa da mutunci. Baƙi kan ɗauka zare da allura ne a ciki. Ba su ba ne. Gashi ne, ƙulli sittin da huɗu, kowanne da ribon ɗinsa, a jere yadda mai su ya jera su shekara goma sha biyu da suka wuce. Sau ɗaya a shekara takan sauke shi, ta goge, ta buɗe, ta shaƙi ƙamshin man kwakwar da har yau bai gama fita ba. Daga nan sai ta koma shekarar da tsibirin Mauke kaf ya zuba mata ido.

A shekarar tana da ashirin da huɗu. Ta yi shekara biyu a kwalejin horon malamai ta Rarotonga, babban tsibirin ƙasar, saura ɗaya ta karɓi takardarta, aka aiko mata cewa mahaifiyarta ta rasu. Ba a yi wata uku ba ɓarin jikin mahaifinta, Baba Rongo, ya shanye. Ta haɗa littattafanta a kwali ta hau jirgi ta dawo, ga tsoho a kujera, ga kuma ɗanta Tere da ta bari a hannun marigayiyar. Uban yaron tun yana ciki ya tafi Ostiraliya aikin mayanka. Katin Kirsimeti biyu ya aiko, daga nan ɗif.

Tere ya kai shekara biyar bai taɓa cewa Mama ba. Ba ya kallon idon mutum. In an kira sunansa sai ka ce da bishiyar kwakwa ake. Wata 'yar guɗa yake yi can ƙasan maƙogwaro, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba, kuma da ita uwar take gane halin da yake ciki: in ta yi ƙasa, lafiya lau, in ta fara hawa, to a tashi tsaye. Aikinsa tun safe shi ne jera ɓawon katantanwa a kan simintin kabarin kakarsa da ke ƙofar gida, ƙarami zuwa babba. Kaza ta taɓa ture ɗaya ya faɗa ciyawa. Sai da Moeroa ta yi rarrafe rabin yini kafin ta gano shi, shi kuma bai daina ihu ba sai da ya mayar da shi gurbinsa.

Gashinsa kuwa har gadon baya, baƙi wuluk, almakashi bai taɓa kusantarsa ba, don tun ranar haihuwa aka keɓe shi sai ranar bikin aski, bisa al'adar tsibirin. Kullum da safe takan shafa masa man kwakwa ta taje ta yi masa kitso ɗaya. In ta gama sai ya karɓi matajin, ya tsince duk silin da ya maƙale, ya kai cikin gwangwanin biskit ya rufe.

"Wannan jika nawa ya fi mu wayo," in ji Baba Rongo da bakinsa da ya karkace. "Ko sili ɗaya ba ya bar wa maƙiyi."

Maƙwabta suna da tasu fassarar. Wasu suka ce an kai shi wanka ruwan kogo yana jariri, mutanen ɓoye suka shafe shi. Wasu suka ce alhakin uwar ne, da ta bar jinjiri ta tafi neman takarda. Moeroa takan wuce su a kan babur, kanta a sama, Tere a gabanta ya riƙe madubi. Ba ta taɓa tanka wa kowa ba, ba ta kuma taɓa ɓoye ɗanta ba. Coci da shi, bakin jirgin ruwa da shi, ko da ya toshe kunne ya kwanta a ƙasa.

Wadda ta fara ba abin suna ita ce Malama Tepaeru, wata gajeriyar mace mai furfura da ake turowa daga Rarotonga sau biyu a shekara ta duba yaran da karatu ke yi wa wuya. Ta zauna a kan kabarin tare da Tere awa guda ba ta ce masa uffan ba. Da ta tashi ta ce, "Sai likita ya tabbatar, amma ni na ga irinsa da yawa. Otizim ake kiransa. Ba aljani ba ne, ba kuma laifinki ba ne. Yana ji, yana ganewa. Magana ce take zuwar masa kamar ruwan sama a kan kwano, duk a haɗe. Ki daina faɗa masa. Ki nuna masa." Ta ciro wasu katuna masu hoto daga jaka: kofi, banɗaki, gado, babur. "Abin da za a yi, ya gan shi tukuna. Abin da bai gani ba, kada ki yi tsammanin zai yafe miki."

Cikin wata shida Tere ya iya ɗauko katin kofi in yana jin ƙishi. Ranar farko da ya yi haka Moeroa ta zaga bayan ɗakin girki ta yi kukanta, ta wanke fuska ta dawo.

Da wannan ƙarfin gwiwa ta je wurin hedimasta, Malam Nooroa, mutumin da ya koya mata haɗa baƙi tana ƙarama.

"Moeroa, ba ƙi nake ba," ya ce, yana murza goshi. "Malama ɗaya gare ni a aji biyu. In ya tashi ihu, wa zai bi shi, wa zai riƙe sauran? Yaron da ba zai zauna minti goma ba, ina zan sa shi?"

"Zai zauna, Malam."

"Kin taɓa ganin ya zauna?"

Ba ta taɓa gani ba, kuma ita ba ta ƙarya, sai ta juya ta koma gida.

Ana cikin haka Gwaggo Upoko ta sauka daga birnin Okland, can ƙasar waje. Yayar Baba Rongo ce, ita ta raɗa wa Tere suna, ita kuma ta ɗauki nauyin bikin askinsa. Ta zo da kwalayen kaji masu ƙanƙara, da ribon kala-kala, da dangi ashirin da wani abu da suka riƙa sauka jirgi bayan jirgi. Tun daga filin jirgi aka san ta iso, don muryarta ta riga ta shiga gari.

Kwana biyu ta yi tana kallon yaron. A na uku, bayan an ci gwaza da kifi a baranda, ta goge hannu ta ce, "Rongo, ni fa da yaron nan zan koma."

Cokali ya tsaya a hannun Moeroa.

"Kusa da gidana akwai makarantar irinsu," in ji Gwaggo. "Yara shida a aji, malamai biyu. Akwai mai koya musu magana, akwai mai koya musu riƙe fensir. Mota ce take zuwa har ƙofa. Nan me gare ku? Tsohuwa mai katuna sau biyu a shekara, kamar jirgin kaya."

"Gwaggo, ɗana ne."

"Wa ya ce na kaza ne? Ni ma a hannun gwaggona na tashi, dube ni, na mutu? Ke ba za ki iya barin ubanki ba, ubanki ba zai bar kabarin matarsa ba. To yaron ya zauna yana jera katantanwa har ya yi gemu?"

"Ya san hanyar nan. Ya san ƙarar kowane babur a garin nan. In aka canza masa kofi kwana biyu ba ya cin abinci, balle a canza masa ƙasa."

"Ji 'yar boko! Shekara biyu a kwaleji, ta fi likitocin Okland."

"Yaya, a bi a hankali," in ji Baba Rongo.

"Kai rufe mana baki, da rabin bakin naka. Tun kana yaro a hankali kake bi, shi ya sa har yau kana nan."

Dangi suka kwashe da dariya, har da shi Baba Rongon. Moeroa ba ta yi ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Gwaggo ba mugunta take yi ba, kuma ba ƙarya take faɗa ba. Makarantar tana nan, masu koyar da maganar suna nan. Kuma a Mauke in babbar gwaggo ta miƙa hannu ta ce a ba ta ɗa ta riƙa, ba a saba jin an ce a'a ba.

"Hedimasta ya ce in zai zauna, zai karɓe shi," ta ce.

"To ga ranar aski nan tafe, sati uku. Nooroa yana cikin masu yanka, zai gani da idonsa. In yaron nan ya zauna aka gama lafiya, na bar miki abinki. In ya watsa mini taro, jirgin Juma'a da shi zan hau. Kin yarda?"

Daga bakin kabari ana jin 'yar guɗar Tere, ƙasa-ƙasa.

"Na yarda," in ji Moeroa.

Sati ukun nan, in ta tuna su yanzu, su ne kwanakin da suka fi daɗi a rayuwarta, ko da yake a lokacin ba ta sani ba. Ta yanka kwalin kajin Gwaggo ta zana katuna shida: kujera, bargo, ribon, almakashi, kifi, teku. Ta jera su a kan igiya. Kowace hantsi, in dangi sun tafi share zauren taro da haƙa ramin gasa nama, sai ta fito da kujera ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ta ɗauko bargon da mahaifiyarta ta yi shekara biyu tana ɗinkawa da hannu domin wannan rana, mai manyan furanni ja a kan fari, mai nauyi kamar jiƙaƙƙen buhu. Da ta yafa masa, sai ta ga kafaɗunsa sun sauka. Nauyin ya yi masa daɗi. Ba ta san da haka ba sai ran nan.

Ta tsefe zaren ɓawon kwakwa ta ɗaure shi ƙulli-ƙulli da ribon, ta maƙala a jikin kitsonsa. Ta nuna katin almakashi, ta nuna almakashin, ta ba shi ya taɓa. Ƙyas! Ranar farko ya zabura ya gudu bayan tankin ruwa. Rana ta huɗu ya tsaya. Rana ta tara shi da kansa ya miƙo mata almakashin. Baba Rongo ya zama fasto, ya zama mai gari, ya zama Gwaggo Upoko har da kwaikwayon tafiyarta a zaune, yana yanka da hannunsa mai lafiya. Kowane ƙulli ya faɗo kan bargo, Tere ya ɗauka ya jera a kan cinyarsa. Ta kawo rediyo ta ƙure ƙara don ya saba da hayaniya. Ta roƙi matan coci su zo su yi waƙa a kansa, suka zo suna dariya suka tafi suna share hawaye. Ta kai shi zauren sau biyar ya ga inda kujerar za ta tsaya. Minti goma ya zama ashirin, ashirin ya zama awa guda. In an gama, kifi, sannan teku, yadda katunan suka faɗa.

Ta lissafa komai. Haka ta ɗauka.

Ranar Asabar zauren ya cika har tagogi. An lulluɓe bango da barguna na ɗinkin hannu, kowace mace da kambin furanni a ka, ƙamshin alade da gwaza daga ramin gasa nama yana shigowa da iska. Tun da sassafe matan dangi suka raba gashin Tere gida sittin da huɗu, kowane gida da ribon ɗinsa, kowane ribon da sunan mai yanka shi. Ya shigo riƙe da hannun uwarsa cikin farar riga, ya dubi igiyar katunan da ta rataya a jikin tebur, ya hau kujera. Ta yafa masa bargon kakarsa. Aka yi addu'a mai tsawo, aka yi waƙa mai tsaga kwano, bai motsa ba. Moeroa ta saci kallon Malam Nooroa, ta ga ya ɗaga gira.

Mai sanarwa ya kira fasto. Fasto ya zo, ya sa albarka, ya kama ƙullin farko mai farin ribon. Ƙyas! Aka yi tafi. Ya ajiye kyautarsa a tire, ya ɗaga ƙullin kowa ya gani, ya sa shi a aljihun gaban kwat ɗinsa, ya koma mazauninsa.

Idon Tere ya bi aljihun. 'Yar guɗar ta tashi.

Mai gari ya zo, ya yanka nasa, ya naɗe a hankici ya tafi da shi. Guɗar ta hau. Moeroa ta duba bargon, yana nan. Ta duba katunan, suna nan. Ba ta ga abin da ya canza ba.

Gwaggo Upoko ce ta uku. Ta zo tana rawa, ana yi mata kirari, ta yanka ƙulli mai jan ribon, ta sumbace shi, ta buɗe jakar hannunta ta jefa, ta rufe. Ƙarar maɓallin jakar ce ta ƙarshe da aka ji kafin ihun.

Tere ya ture bargon ya diro. Tiren kyauta ya kife. Ya ratsa tsakiyar zauren a guje, ribon sittin da ɗaya suna tashi a bayansa, ya faɗa kan fasto ya cusa hannu a aljihunsa yana ja, yana ihu, har maɓalli ya tsinke. Mata suka dafe ƙirji. Wani ya ce a riƙe shi. Maza biyu suka tashi.

"Kada wanda ya taɓa shi!"

Muryar Moeroa ce, kuma ita kanta ba ta san tana da irinta ba. A daidai lokacin ta gane. Sati uku tana yanka zaren kwakwa, kowane ƙulli yana faɗowa a cinyarsa ya zauna. Ba ta taɓa zana katin da ke cewa mutane za su tafi da gashin ba. Ta yaya za ta zana? Tun tana goye take ganin ana yi. A ɗakin ubanta ma akwai ƙullin 'ya'yan dangi sun fi ashirin a cikin Littafi Mai Tsarki. Wanda ya yanka shi ke da shi, kamar yadda wanda ya ci abinci shi ke ƙoshi. Abin da kowa ya sani ne, shi ya sa bai zo mata a rai ba. Yaron da ke tsince sili ɗaya daga mataji, yau ga shi ana kwashe shi ƙulli-ƙulli ana watsawa cikin aljihun mutane.

Ta taka har gaban babban tebur. Ba ta durƙusa ba, ba ta sunkuyar da kai ba.

"Fasto, ka yi haƙuri. Ka mayar masa da gashinsa."

"Moeroa!" in ji Gwaggo. "Kin san da wa kike magana? Yau kin gama zubar mana da mutunci."

"Na sani, Gwaggo. Ranka ya daɗe mai gari, kai ma naka. Ba almakashi yake tsoro ba, kun gani da idonku. Nasa ne, bai san za a tafi da shi ba. Laifina ne, ban nuna masa ba."

"Tun kakanninmu ba a taɓa mayar da gashin aski ba," in ji wata tsohuwa daga baya.

Sai aka ji sanda ta bugi siminti sau uku. Baba Rongo ne. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito, zauren kuma ya jira shi. "Tun kakanninmu," ya ce, "ba a taɓa yi wa Tere aski ba."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Fasto ya dubi yaron da ke manne da kwat ɗinsa yana rawar jiki. Ya ciro ƙullin ya buɗe tafin hannu. "Karɓi abinka, ɗana. Ni ma an taɓa ɗauke mini abu ban ji daɗi ba."

Ihun ya yanke kamar an rufe famfo. Mai gari ma ya warware hankicinsa ya miƙa nasa. Moeroa ta fizgi takardar jerin sunaye daga hannun mai sanarwa, ta juya bayanta, ta ari biro a aljihun hedimasta. Ta zana almakashi, ta zana ƙulli, ta ja kibiya zuwa hannun yaro. Ta tsuguna ta nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Numfashinsa ya sauka. Ya juya ya koma kujera da ƙafarsa, ya jawo bargon ya rufa, ya ajiye farin ribon a cinyarsa, ya ajiye na mai gari kusa da shi.

Sannan ya bar gurbi, faɗin yatsa uku.

Mai sanarwa ya dubi Moeroa, ta gyaɗa kai, ya kira na huɗu. Aka yanka aka miƙa wa yaron. Ya ajiye shi bayan gurbin. Na biyar, na shida. Tun mutane suna zuwa a ɗarare har suka sake, wasu ma suna russunawa su ba shi da hannu biyu. Malam Nooroa shi ne na goma sha tara. Da ya miƙa nasa ya tsaya yana duban jerin, ya dubi takardar da ke hannun Moeroa.

"Da wannan zanen kika dawo da shi?"

"Da shi, Malam."

"Hm," ya ce, ya koma ya zauna.

Awa ɗaya da rabi aka yi. Kan Tere ya fito ƙarami, kunnuwansa a waje, wuyansa siriri kamar na ɗan tsako. Ƙulli sittin da uku a jere a kan jan furen bargo, da gurbi ɗaya. Ba a yi tafi ba, don kowa ya ga inda yaron yake kallo. Ba fuskar Gwaggo yake kallo ba. Jakarta yake kallo, kuma guɗar ta fara hawa a hankali.

Gwaggo Upoko ta rungume jakar a ƙirji. "Shekara biyar nake jiran ƙullin nan," ta ce. "Har firam na saya masa. Kuma kowa shaida ne, an watsa taro. Ko ba a watsa ba?"

"An watsa, Gwaggo," in ji Moeroa. "Kin ci."

Malam Nooroa ya yi gyaran murya. "Ni dai abin da na gani, yaro ya tashi, an yi masa zane, ya dawo ya zauna awa ɗaya da rabi. A ajina akwai masu baki da ba su taɓa yin haka ba. Ranar Litinin a kawo shi. Amma ke za ki zauna da shi, Moeroa, ba ni da wani."

Gwaggo ta ce, "Wa ya tambaye ka, Nooroa? Kai da na goya."

Ta tashi. Ta taka zuwa kujerar, ba rawa wannan karon. Ta tsaya a kan yaron tana duban jerin da gurbin da ya bar mata, daidai wurinta, na uku, ba a ba kowa ba. Ta buɗe jakar. Tere ya miƙa hannu ba tare da ya ɗago ba, ya karɓa, ya sa jan ribon a gurbinsa, ya daidaita shi da ɗan yatsa. Guɗar ta koma ƙasa.

"Ji mini ɗan banza," in ji Gwaggo. "Wanda bai yarda a tafi da ƙulli ɗaya na kansa ba, ni ce zan ɗauke shi ɗungurungum? A jirgi zai kashe ni." Ta juya ga Moeroa. "Ke kuma 'yar boko, in kika bar shi ya lalace, daga Okland zan zo in yi miki naki askin."

Aka ci kifi. Bayan haka Moeroa ta bar baƙi a zaure ta kai shi teku, don haka katin ƙarshe ya ce. Ranar Juma'a Gwaggo ta hau jirgi ita kaɗai, da firam ɗinta babu komai a ciki.

Shekara uku Moeroa ta yi a kan kujerar yara a bayan aji, gwiwoyinta suna taɓa haɓarta, kwalin katuna a cinya. Akwai ranakun da ba su kai ƙarfe tara ba suka dawo gida. Akwai ranar da ya ciji hannunta har jini, ta ɗaure da ƙyalle ta koma washegari. Da rana ta juya tsoho, ta wanke shi, ta ba shi abinci. Gwaggo ta riƙa aiko da kwali: abin toshe kunne, littattafai masu hoto, da takardun da ta matsa wa wata mai koyar da magana ta rubuta mata, kowane kwali da wasiƙar faɗa a sama. Malama Tepaeru ta ci gaba da zuwa sau biyu a shekara har ƙafa ta gaza mata. A shekara ta huɗu aka ba makarantar gurbin mataimakiyar malama, aka ba Moeroa. Takardar kwalejin ba ta taɓa komawa ta karɓa ba. Yara uku masu irin lalurar sun bi ta hannunta tun daga nan, ba wanda aka ce ya zauna a gida.

Tere yana da bakwai ya ce Mama, a bakin tanki, ba tare da ya kalle ta ba. Yau kalmominsa ba su da yawa. Yana karanta jadawalin jirgi, yana rubuta sunansa, shi ke jera littattafan ɗakin karatu, kuma kaf Mauke ba mai taɓa masa jeri. Wani lokaci, in ta ji yaran Okland da suka zo hutu suna zuba kamar kanari, takan tambayi kanta ko da ya tafi da bakinsa ya fi haka buɗewa. Ba ta da amsa, ba ta kuma yi wa kanta ƙaryar cewa tana da ita.

Baba Rongo yana kwance kusa da matarsa yanzu, simintin ya ƙara faɗi, katantanwar ta ƙara yawa. Gwaggo ma ta tafi bara. Da 'ya'yanta suke kwashe ɗakinta sun tarar da firam a jikin bango, ba gashi a ciki, sai bayan wata takardar jerin sunaye mai zanen almakashi da kibiya da hannun yaro. Moeroa ta daɗe tana neman takardar nan. Ashe tun ranar askin Gwaggo ta sace ta.

In ta sauke gwangwanin, Tere yakan zo ya tsaya a bayanta, dogo, kansa a aske. Yakan duba daga farin ribon har na ƙarshe, ya taɓa jan nan na uku da ɗan yatsa. In ya ga kowa yana gurbinsa, sai ya rufe da kansa, ya miƙa mata ta mayar sama.